Gaisuwa Sai an Kai Gaɓa

Lokacin da nake yaro a ƙasar Faskari, ruwan da ya wuce gwiwa ba a shigarsa sai da dalili mai ƙarfi. Duwatsu muke da su, da rafuka masu cika da damina su ƙafe da rani. Mutumin da ya taɓa hawa kwale-kwale, zama ake yi a saurare shi kamar wanda ya dawo daga Makka. Yanzu kuwa duk Juma'a bayan la'asar samari na zuwa bakin dam ɗinmu daga Funtuwa da Ƙanƙara, su hau 'yan jiragen roba ja da ruwan ɗorawa masu cin mutum ɗaya, su zagaya sau biyu kusa da gaɓa, a ɗauke su hoto, su fito suna kakkaɓe wando. Kwanan baya ɗaya daga cikinsu ya miƙo mini filafili, wato abin tuƙin, ya ce, "Baba, ashe sana'ar taka zama ce kawai." Na ce masa haka ne. Ban gaya masa wata uku na yi kafin a yarda na iya zaman ba, don na ga yana sauri.

Aikin farko da aka ba ni a Yawuri shi ne kwarfar ruwa. Ina da shekara goma sha bakwai na bi wani kawuna mai fataucin busasshen kifi, ya bar ni hannun wani masunci da ake kira Baba Gado, mutumin da aka haifa cikin jirgi, wanda in ya taka ƙasa yake tafiya kamar bai yarda da ita ba. Ya ba ni ƙwarya, ya nuna mini gindin jirgi, ya ce in zauna nan. Daga asuba zuwa azahar ina kwarfe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katako. Da na yi wata guda na nemi filafili, ya ce hannuna bai yi masa laifin komai ba, mazaunaina ne ba su san jirgi ba tukuna. Sai daga baya na gane nufinsa. Kwale-kwale yana jin inda nauyinka yake kafin kai ka ji. Ka waiga, ya karkata. Ka miƙa hannu ɗaukar hula, ya karkata. Wanda ya yi wata uku a gindinsa, jikinsa kan daina yin abu kwatsam.

Kayan aikin ba su da yawa: filafili, gora, ƙwarya, igiya. Filafili da mai shi ake auna shi, a dasa shi ƙasa ya kai haɓarka. Wanda ya fi haka zai sa ka ɗaga kafaɗa, kafin la'asar wuyanka ya sanƙare. Wanda bai kai ba zai sa ka riƙa leƙa ruwa, daga leƙe kuma sai shiga. Gora ta bakin gaɓa ce, inda ake taɓa ƙasa. Ƙwarya har yau da ita nake aiki, ko da yake kowa ya koma yankakkiyar jarka, domin ƙwarya ba ta kankare kwaltar da aka liƙe katako da ita. Igiya kuwa ita ce abin da sabon shiga ke mantawa. Na sha ganin mutum ya fito lafiya, ya yi hamdala, ya juya ya ga jirginsa ya koma tsakiya shi kaɗai.

Shekara ashirin da biyar na yi a ruwan mutane. Na yi Baga a Tafkin Chadi, inda ake bin hanya cikin ciyawa kamar lungun gari. Na yi Lakwaja tare da Nufawa, inda mace ke tuƙi da goyo a baya, tukunya na tafasa a gabanta. Na yi Legas, na ga yaran da ba su iya ɗaura wando ba suna kai kansu makaranta cikin jirgi. Na kai har Mobti a ƙasar Mali, inda masunta ke tsayawa a bakin jirgi da gora suna faɗa da mutanen wani jirgin, ba mai duba ƙafarsa. Na dawo da harshe biyar, kuma da kowanne na iya yi wa sabon matuƙi faɗa. Abin da na lura da shi, kowace ƙasa da irin kuskurenta. A Baga cika jirgi suke yi fiye da ƙima. A Legas gardama ake yi da hannu biyu, a saki filafili. Na ɗauka na ga duka, sai da na dawo gida.

Rasuwar mahaifinmu ce ta dawo da ni. Na tarar an tare rafin garinmu tsakanin duwatsu biyu, ruwa ya kwanta dogo kamar harshen sa. Duwatsun na tsare iska, saboda haka daga asuba har azahar ruwan ba ya ko motsi, kana ganin shaho a cikinsa kafin ka gan shi a sama. Amma tsohon rafin na nan a ƙarƙashi, a tsakiya, inda gora uku a haɗe ba ta taɓa ƙasa. Rabin gonakin gari sun koma ƙetare. Mutane sun saba zagayawa ta bayan dutse, tafiyar awa ɗaya da rabi da jaki, alhali ta ruwa kafin ka cinye goro guda ka isa. Na koma Yawuri na ɗoro jirage biyu na katako a bayan motar albasa. Ranar da aka sauke su, wani Bafulatani ya zagaya ɗaya sau biyu, ya tambaye ni ko na sayarwa ne, ya ce shanu ashirin za su sha ruwa a ciki lokaci ɗaya.

Mutum na farko da na koya wa tuƙi wani manomi ne daga wajen Tafoki, ƙaƙƙarfa, irin wanda ake gayyata gayya don a gama da wuri. Ya riƙe filafili kamar garma, ya ɗaga shi sama da kansa, ya sari ruwa, ya ja da iyakar ƙarfinsa. Ya ƙara, ya ƙara, duka ta hannun dama, don haka ya saba huɗa. Jirgi ya yi ta zagaya wuri ɗaya. Bayan ya jiƙe da gumi ya ɗago kai ya tambaye ni ko mun kusa. Na nuna masa takalmansa a gaɓa, zai iya ɗaukarsu da gora. Tun daga kansa na san yadda zan yi da manoma. Ina ce masu ruwa ba a sara shi, shafa shi ake yi kamar ana lallashin doki, sau uku dama, sau uku hagu. Makiyaya sun fi sauƙi wajen nauyin jiki, sai dai ba su son zama, sun saba hango abu daga tsaye. 'Yan kasuwa na iyawa da wuri in an hana su magana. Malaman makaranta sai sun ji dalilin kowane abu, kuma galibi a cikin ruwa suke ƙarasa jinsa. Waɗanda suka fi kowa su ne mata. Suna zama ƙasa-ƙasa, wuyan hannunsu ya saba da muciya, kuma abin da ka ce shi suke yi.

Kuskuren mutanenmu na gaskiya na gan shi ne wata safiyar Laraba a shekarata ta biyu. Ina da mutum uku cikin jirgi, duka magidanta, mun ɗan bar gaɓa kaɗan. Sai ga Liman ya biyo bakin ruwa zai je ɗaurin aure. Kafin in buɗe baki, su ukun sun yunƙura a tare, sun juya gefe ɗaya, sun durƙusa. Jirgi ya bi su. Allah ya sa ruwan iya ƙirji ne. Muka miƙe tsaye a ciki mu huɗu, hulunanmu na yawo, Liman na amsa gaisuwa daga gaɓa yana tambayar iyali. A duk inda na je ban taɓa ganin wannan ba. Nufawa sun fi mu doguwar gaisuwa, amma a kan ruwa baki kawai ke yinta. Mu kuwa da jiki muke gaisuwa. An koya mana tun muna rarrafe cewa in ka ga babba ka sauka daga keke, ka cire takalmi, ka rage tsawo, har abin ya bar kai ya koma gwiwa. Gwiwa kuma ba ta jin magana.

Daga ranar na kafa doka: a cire takalmi, a cire babbar riga, a ɗaura jarka rufaffiya a ƙugu don kada a nutse, sannan ba a gaisuwa sai an kai gaɓa. Ukun farko har yau ana yi mini gunaguni a kansu. Ta huɗun ba wanda ya yi gunaguni, don ba wanda ya ɗauka da gaske nake. Shekaru da yawa abin bai dame ni ba, saboda masu koyo 'yan kaɗan ne, yawanci ni ke kai mutane ƙetare in dawo da su, ido na kan gaɓa. In na hango rawani sai in juya jirgi ya ba shi baya.

Ku da ke hawa jiragen roba, ku sani an yi su ne don su yafe maku. Gindinsu faɗi gare shi, kuna zaune a rami, ba kaya, ba fasinja, ga rigar kariya a jiki. Ban raina su ba, ni ma na sayi uku don haya. Amma ku ɗora buhu shida na masara a jirgin katako, bakin jirgi ya rage yatsa huɗu ya taɓa ruwa, sannan mu yi maganar sauƙi.

Shekarar da hanyar bayan dutse ta rufe, ba sai na gaya wa mutanen Faskari da Sabuwa yadda ta kasance ba. Mutanen daji, wato 'yan bindiga, suka riƙa zama a mashigin dutsen. Wanda ya bi ta nan da babur, a ƙafa yake dawowa, in ya dawo. An riga an yi shuka kafin abin ya tsananta. Masara ta nuna a ƙetare, ta bushe a tsaye, ba hanyar ɗauko ta sai ruwa. Gonakin da ke kusa da gaɓa ana iya aiki cikinsu daga hantsi zuwa azahar, 'yan banga na kan dutse da usur suna dubawa. Muna da kamar mako uku kafin wani ya riga mu girbe ta, ko a cinna mata wuta. Jirage huɗu gare ni lokacin, ni kuma mutum ɗaya ne. Dagaci ya yarda duk wanda na koya wa ya ɗauki jirgi ya kwaso tasa.

Cikin waɗanda suka zo koyo akwai Malam Isiyaku, mai shekara arba'in da biyar, dogo, marar yawan magana. Gonarsa ɗaya ce tak, kuma tana ƙetare. A gidansa akwai matarsa Hajara, da 'ya'ya tara, da mahaifiyarsa. In masarar nan ba ta shigo ba, ba abin da za a ɗora a murhu har wata kaka. Tuƙi ya iya shi cikin kwana shida, hannunsa mai laushi ne. Matsalarsa ladabi. Malam Isiyaku irin mutumin nan ne da ke sauka daga keke in ya hango ƙofar gidan surukinsa, ko da surukin ya tafi Umara. Na roƙi wasu tsofaffi biyu masu zama gindin ɗorawa su riƙa wucewa ta bakin ruwa yayin da yake tuƙi kusa da gaɓa. Rana ta farko ya shiga ruwa sau uku. Rana ta uku yakan girgiza kaɗan ya wuce. Na ce ya iya. Laifina ne, da tsofaffin banza na gwada shi, na manta da Alhaji Barau.

Alhaji Barau shi ne mahaifin Hajara. Tsohon dillalin hatsi ne, ya haura saba'in, yana cikin masu zama kusa da dagaci, kuma bai taɓa kiran Malam Isiyaku da wani suna ba sai "yaron nan". Ranar da Malam Isiyaku ya ɗauko lodinsa na farko, buhu shida, Alhaji na tsaye kan falalen dutse kusa da inda muke sauka, yana jiran tasa masarar da nake kawowa. Ina bayan Malam Isiyaku da nawa jirgin, na ga komai. Ya ɗago kai, ya ga Alhaji, ya ajiye filafili, ya cire hula, ya zame daga mazauni zai kai gwiwa ƙasa ta gefen da Alhajin yake. Jirgi ya kife, jarka ce ta riƙe shi. Buhu biyu muka ceto da gora, huɗu suna ƙasa har yau. Alhaji ya yi masa sannu sau biyu daga kan dutse, sannan ya juya ya gaya wa na kusa da shi cewa yaron nan bai iya tuƙi ba.

Washegari na nuna wa Malam Isiyaku wata kuka da ke bayan masaukin, na ce ya kafa mata ido tun daga tsakiyar ruwa, ya riƙa ƙirga tuƙinsa, ko wa ya gani kada ya daina ƙirgawa. Ya ce to. Alhaji na nan kan dutsensa. Malam Isiyaku ya zo ya wuce ta gabansa a zaune, hula a kai, ido na kan kuka, ya ce, "Baba, ina kwana," da murya irin ta wanda ake cire wa ƙaya. Ya kai gaɓa da buhunsa shida cif. Kafin ya ɗaure jirgi ya hau wajen dutsen ya durƙusa, Alhaji ya tafi.

Da la'asar aka kira ni gidan dagaci. Na tarar da zaure cike da dattawa, don ashe ba Alhaji kaɗai aka wuce a zaune ba cikin makon. Alhaji ya yi magana a natse. Ya ce shekara ashirin yaron nan na aure da ɗiyarsa bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba, yau ya wuce shi ƙafa miƙe kamar hakimi cikin mota. Ya ce an fara da ruwa, gobe a kan babur za a yi, jibi a ƙofar gida. Abin da yake nema shi ne a karɓe jirage daga hannun masu koyo, Mai Jirgi, wato ni, shi kaɗai ya riƙa jigila kamar da. Dattawa suka gyaɗa kai. Na san abin da wannan ke nufi. Ni kaɗai ba zan kwaso ko rubu'in masarar ƙetare ba cikin kwanakin da suka rage, kuma in layi za a bi, da manya za a fara. Kafin a zo kan Malam Isiyaku, gonarsa ta zama toka ko ta zama ta wani.

Na yi bayanin nauyi da karkata kamar yadda nake yi wa malaman makaranta. Alhaji ya bari na gama.

"Malam Mai Jirgi, wanga ruwa da ko ƙwarya ba ya motsawa?" ya ce. "Rashin iyawa dai. In mutum ya iya abu, gaisuwa ba ta kayar da shi."

Na ce to ya zo gobe in kai shi ya ga gonarsa, ya ji yadda abin yake da jikinsa. Ya ce shi da ya hau jirgin sama zuwa Makka sau biyu, katako ba zai ba shi tsoro ba. Dagaci, wanda ya fi son shari'ar da wani zai yanke masa, ya ce shi ma zai zo ya gani, kuma duk abin da Alhaji ya faɗa bayan ya dawo, shi ne hukunci.

Da hantsi Alhaji ya iso da babbar riga mai aiki. Ya ƙi cire ta. Jarka kuwa sai da muka daɗe, ya yarda in ɗaura masa ita ta ƙarƙashin riga, da sharaɗin kada kowa ya gani. Ya shiga jirgi gefensa ɗaya a kumbure. Na kai shi ƙetare a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, abin da daga baya na ga kuskure ne, don yana sauka ya ce, "Shi ke nan abin?" Na bar shi a gonarsa na koma ɗauko dagaci, wanda wata rigimar iyakar gona ta riƙe shi har rana ta yi tsaka.

Mun kusa rabin ruwa ni da dagaci muka ji usur daga kan dutse. 'Yan banga sun hango babura daga nesa, kowa ya bar gona. Jirage biyu sun riga sun taso cike da mutane. Na huɗun shi ne na Malam Isiyaku, ya gama lodi yana shirin turawa. Ba wani wurin da Alhaji zai shiga sai nan. Aka zaunar da shi a gaba tsakanin buhuna, ya ba surukinsa baya. Cikin shekara ashirin ba su taɓa zama kusa haka ba. Ni kuma dole in ƙarasa ƙetare in kwaso mutum uku da suka rage, saboda haka muka nufi juna a kan tsohon rafi, inda ya fi zurfi. Ruwan na da faɗi, akwai wurin kaucewa. Ban kauce ba.

Alhaji ya ɗago kai ya ga rawanin dagaci, wanda bai gaisa da shi ba tun safe. Na ga hannunsa ɗaya ya dafa bakin jirgi, ɗayan ya dunƙule zai yi jinjina, mazaunansa suka bar katako. "Ranka shi daɗ..." Bakin jirgi ya nutsa ta gefensa, ruwa ya fara kwarara ciki, buhun sama ya motsa. Malam Isiyaku ya jefa nauyinsa ɗaya gefen, ya kwantar da filafili a kan ruwa kamar yadda na koya masa.

"Baba, zauna."

Bai ɗaga murya ba. Alhaji ya tsaya a tsakanin tashi da zama, kamar bai tabbata daga ina maganar ta fito ba.

"Na ce ka zauna, Baba. Ga ƙwarya nan gabanka, kwarfe ruwan."

Alhaji ya zauna. Ya ɗauki ƙwarya. Muka wuce juna da tazarar gora ɗaya, dillalin hatsi na kwarfar ruwa da hannun riga mai aiki. Dagaci bai amsa gaisuwar ba. Tun da muka bar gaɓa hannunsa biyu na riƙe da bakin jirgi, idonsa a rufe, yana karanta abin da ya sawwaƙa.

Abin da ya faru a masauki waɗanda ke wurin ne suka ba ni labari. Malam Isiyaku ya fito ya ɗaure jirgi, ya riƙe shi har Alhaji ya taka ƙasa. Sannan ya cire hula, ya durƙusa cikin laka, ya gaishe shi tun daga farko kamar yanzu suka haɗu, ya tambayi gajiya, ya tambayi gida. Alhaji ya amsa duka bi da bi, ruwa na ɗiga daga rigarsa, jarka ta zamo tana reto a gwiwarsa kowa na gani. Da na dawo da dagaci da sauran mutanen, aka taru gindin kuka. Dagaci ya zauna, sannan ya tambayi Alhaji abin da ya gani. Alhaji na matse hannun riga, bai dubi kowa ba.

"Yaron nan ya iya tuƙi," ya ce. Ya ƙara matsewa. "A bar masu jiragen. Amma a gaya masu, in sun fito su zo su gaishe da mutane yadda ya kamata."

Wani dattijo ya fara cewa ai jiya ba haka aka yi magana ba. Alhaji ya tambaye shi ko yana so a kai shi ƙetare gobe. Dattijon ya ce ƙafa na damunsa.

Kwana tara Malam Isiyaku ya yi yana jigila, sawu biyu a rana, wata rana uku. Bai kwashe duka ba. Ɓangaren gonar da ke gindin dutse an riga shi, ya je wata safiya ya tarar da kara kawai. Amma abin da ya shigo ya kai gidansa har ruwan farko da ɗan abin iri. Da ya gama tasa ya kwaso ta mutum biyu da ba su iya tuƙi ba, sawun ƙarshe kuma na Alhaji Barau ne, don ni hannuna ya kumbura a makon. Alhaji bai sake shiga jirgi ba har ya rasu, bai kuma taɓa tayar da maganar ba. Hajara ce ta gaya wa matata cewa wani lokaci in yana cin abinci yakan tsaya ya ce, "Wai zauna," ya girgiza kai, ya ci gaba.

Hanyar bayan dutse takan buɗe wata shekara ta rufe wata, amma ko a buɗe take ba mai zagayawa da jaki yanzu. Jirage sun yi yawa a masauki, yawancinsu ba nawa ba ne, kuma masu su 'ya'yan manoma ne da ke koya wa ƙannensu ba tare da sun tambaye ni ba. An share gindin kukar an zuba yashi, dattawa na shimfiɗa tabarma a wurin da kaka, duk wanda ya ɗaure jirginsa ya je ya durƙusa. Tun daga shekarar nan ba a tashi wa kowa a kan ruwan garinmu, ko Liman ne ko dagaci, kuma ba dattijon da ya sake kai ƙara.